Ko Ka San Jirgin Kuza Da Keke Napep Ya Fi Layinsa Faɗi?

Ƙafa biyu da inci shida, wato santimita 76. Iyakar tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun layin dogon da ya fara shigowa Jos ke nan. In ka tsaya bakin titi a unguwar Ali Kazaure ta Jos ka dubi tayoyin bayan Keke Napep, tazarar da ke tsakaninsu ta fi wannan. Amma a kan wannan ɗan siririn dogo ne wani ƙaramin kan jirgi mai tururi ya yi ta hawa da gangara tsakanin Zariya da Bukur, tafiyar mil 143, yana jan taragai cike da kuza, tun daga 1914; ba a rufe layin baki ɗaya ba sai 1957.

Yadda yake aiki ba wani abin ɓoye ba ne: a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙarfen da ke juya ƙafafu. Abin tambaya shi ne me ya sa aka yi shi ɗan mitsitsi haka, alhali babban layin da ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911 faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne. Amsar kuɗi ne da duwatsu. Siririn dogo ba ya cin ƙarfe da yawa, gadojinsa ƙanana ne, kuma yana iya shan kwana mai kaifi. Inda babban jirgi zai buƙaci a fasa dutse, shi wannan sai ya kewaye abinsa ya wuce. Zariya tana kan tudu mai tsayin mita ɗari shida da wani abu, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200. Saboda haka bayan ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama, daga Jengre hawa ne tuƙuru. Kafin zuwansa, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, tafiyar kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, kayan farko na layin nan gwanjo ne. A 1901 gwamnatin Lugga ta shimfiɗa wani gajeren layi mai wannan faɗin daga Wushishi zuwa Zungeru, don kwaso kaya daga jiragen ruwan kogin Kaduna, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko. Shi ne layin dogo na farko a duk Arewa. Da babban layi ya iso, aikin gajeren layin ya ƙare, sai aka ɗaye ƙarafansa aka turo su wannan aiki na kuza tare da kawunan jirginsa, ƙirar kamfanin Hunslet na Ingila. Turawa dai ba sa zubar da abin da suka biya kuɗinsa.

Ƙanƙantar nan tana da nata wahalar. Taragon ƙaramin layi ba zai hau babba ba, don haka duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake loda shi a babban jirgi mai zuwa Ikko. Wannan ne ya kashe shi a hankali. A 1927 babban layi ya iso Jos daga Fatakwal ta Kafanchan, aka faɗaɗa guntun da ke tsakanin Jos da Bukur, kuza ta koma bin kudu ba sauke-sauke. Ragowar layin ya lallaɓa shekara talatin, motoci na ƙwace masa kaya da fasinja, har aka rufe shi.

A takardun gwamnati sunansa layin Bauchi, domin a lokacin da aka gina shi Jos tana cikin lardin Bauchi ne, ba a kafa lardin Filato ba sai 1926. Garin Bauchi kuwa bai taɓa jin kukansa ba. Sai a 1961 jirgi ya isa can ta wani layin daban da ya taso daga Kuru.

Akwai ma wanda ya fi namu sirantaka. A Indiya, jirgin Darjilin da aka buɗe a 1881 faɗin layinsa ƙafa biyu ne cif, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da titin mota, yana ratsa tsakiyar kasuwa dab da rumfunan 'yan tireda. Su ba su ɗaye nasu ba. Har yau kawuna masu tururi na jan masu yawon buɗe ido a kansa, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji haushin yadda aka bar namu ya tafi baki ɗaya.

Abin da ya rage mana yana nan a harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, kusa da gidan zu: tsofaffin kawunan jirgi da taragai a tsaye, rana da ruwa na dukansu. Mai karatu, in kana Ali Kazaure ko Gangare ko Dilimi, wuri ne da ba zai ci maka kuɗin mota mai yawa ba. Ka kwashi yara ranar Asabar, ku tafi da tef ɗin tela, su auna tsakanin ƙafafun jirgin da hannunsu.