Kafin A Dasa Haƙori, Sai An Gina Ƙashi

Mu mutanen Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, da haƙori ya dame mu sai mu ce a cire. To, bayan cirewa ƙashin muƙamuƙi yakan zaizaye kamar gaɓar kogi. Dashen haƙori da ƙarfen titaniyam, wanda Brånemark ya fara a Suwidin a 1965, yana bukatar ƙashi mai tsayi. Idan ya gaza, likita yakan yanko ƙashi daga haɓa ko ƙugu ya ɗora, a jira wata 4 zuwa 9 kafin dashe. Taba tana hana shi kamawa. Jama'a, mu riƙe asuwaki, mu nemi ciko tun haƙori bai kai cirewa ba.