Yadda Wahala Ke Sake Tsarin Mulki



Dattawanmu ba su manta farin 1973 ba. Gyaɗa, arzikin ƙasar Magaria, ta ƙi, rumbuna suka ƙare. A zamanin nan ra'ayin masu mulki shi ne Yamai ta tsara, ma'aikaci ya ba da umurni, talaka ya bi. Jam'iyya ɗaya ce, ta Diori Hamani. Hatsin taimako ya zo daga waje, amma mutane suka yi ta kukan bai kai ƙauyuka ba. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓe mulki.

Yunwar ta nuna cewa ma'aikacin da ba mai tambayarsa, ba ya jin kukan ƙauye. Saboda haka Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, daga baya aka kafa majalisun ƙauyuka don a ji ta bakin manomi. Ni dai a ganina, linzamin bai bar hannun Yamai ba.

Da kuɗin gwamnati suka yi ƙaranci, albashi ya daina fita kan kari, taron ƙasa na 1991 ya kawo wani tunanin: a matso da mulki kusa da gida. A 2004 muka zaɓi ƴan majalisar ƙananan hukumomi. A 2011 aka cire Dungas daga Magaria, ta samu nata farfe.

Bayan juyin mulkin 2023 kuma, a watan Afrilu 2024, aka rushe majalisun nan, aka naɗa masu riƙon ƙwarya.