Gishirin da Ke Ɓoye Cikin Ruwan Famfo: Darasi Daga Masu Wankin Tagogi na Ingila

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakarda, da sauran ma'aikatan da sha'anin ruwan gari ke bi ta hannunsu. Abin da take bayani a kai shi ne, ruwan famfo ba ya zama da hali ɗaya kullum. Yakan sāke daga gari zuwa gari, kuma a gari ɗaya ma yakan sāke daga wata zuwa wata, ba tare da mai sha ya gani da ido ko ya ji a baki ba. Akwai wasu masu sana'a a ƙasar Ingila waɗanda su ne kan fara gane wannan sākewa tun kafin kowa, wato masu wankin gilashin tagogi, domin abincinsu ya rataya ne ga tsabtar ruwa. Labarinsu yana da abin koyi ga duk wanda aka ɗora wa kula da ruwan jama'a.

1. Abin da ke narke cikin ruwa

In an jefa kanwa cikin ƙwaryar ruwa, bayan an jima sai a neme ta a rasa, amma ba ta tafi ko'ina ba. In aka ajiye ƙwaryar a rana har ruwan ya ƙafe, sai a tarar da ita fari fat a gindi. Ta wannan hanya ce mutanen Bilma ke samun gishiri tun zamanin kakanni. To, haka ruwan sama yake yi in ya sauka. Yana faɗowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma da ya ratsa ƙasa da duwatsu sai ya yi ta narkar da abin da ya taras: alli, da farar ƙasa, da gishiri, da sauran ma'adinai irin su kalsiyam da magnisiyam. Duk waɗannan a haɗe su ne masana ke kira narkakkun abubuwa, Turawa kuma suna taƙaita sunan da haruffa uku, TDS. A wannan takarda za a riƙa ce musu gishirin ruwa, don sauƙi.

Ana auna gishirin ruwa da kashi cikin miliyan, wato miligiram nawa ke cikin lita guda. Ma'aunin ɗan ƙarami ne, bai fi alƙalami girma ba sosai. In an tsoma bakinsa a ruwa sai ya gwada yadda lantarki ke ratsa ruwan, domin gwargwadon yawan gishiri gwargwadon sauƙin wucewar lantarki, sa'an nan ya nuna lamba. Ruwan teku yakan kai wajen 35,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da bai kai 600 ba yana da daɗin sha, in kuwa ya haura 1,000 sai ɗanɗanonsa ya fara ɓaci. Ƙa'idar ruwan sha da Nijeriya ta fitar a 2007 ta tsayar da iyaka a 500.

2. Yadda sana'ar ta koma dogara ga ruwa

A da, mai wankin tagogi a Ingila ba ya bukatar kome sai tsani, da bokiti, da sabulu, da tsumma, da 'yar roba ta sharce ruwa. Kowane irin ruwa ya samu ya wadatar, domin da hannunsa zai goge gilashin ya bushe. Amma faɗowa daga tsani ya hallaka mutane da yawa, ya naƙasa wasu. A shekarar 2005 Gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar aiki a wuri mai bisa. Dokar ba ta hana amfani da tsani ba, amma ta ce duk aikin da za a iya yi daga ƙasa, kada a hau sama dominsa. Wannan ya ƙara wa wata dabara ƙarfi, wadda dama ta fara yaɗuwa tun kafin nan.

Dabarar ita ce doguwar sanda marar nauyi, mai shiga cikin juna, wadda tsawon wasu kan kai ƙafa 60. A kanta akwai buroshi, ta cikinta kuma an zura siririyar mesa wadda ke kawo ruwa daga tankin da ke cikin mota. Mai aiki yana tsaye a ƙasa, ya cuɗe gilashin da buroshi, ya ɗauraye, ya wuce abinsa. Ba sabulu, ba gogewa. Iska da rana su ke busar da tagar.

A nan ne maganar take. Tun da ba a gogewa, duk abin da ke narke cikin ruwan zai zauna a kan gilashi in ruwan ya bushe, kamar kanwar nan a gindin ƙwarya. Sai taga ta fito da ɗigo-ɗigon fari, ta fi yadda take a da muni. Saboda haka masu sana'ar suna neman ma'auni ya nuna sifiri. In ya haura 10, yawancinsu ba su yarda su yi aiki da ruwan. A dubi tazarar: ruwa mai 300 lafiyayye ne ga mai sha, amma ga mai wankin taga ya ninka abin da zai iya ɗauka sau talatin.

3. Hanyoyi biyu na tace ruwan

Hanya ta farko ita ce ta rezin. Wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, ana haɗa su a masana'anta. Wasu masana biyu na Ingila, Adams da Holmes, su suka fara haɗa irinsu a 1935. Akan cika tulun roba da su, a bi da ruwa ta ciki. Ƙwayoyin sai su kama gishirin su riƙe, ruwan ya fita da sifiri. Amma cikinsu yana da iyaka. In sun ƙoshi ba su ƙara kama kome, sai a zubar a sayi sababbi, ga su kuwa da tsada.

Hanya ta biyu ita ce ta tantani. Wata fata ce siririya ƙwarai wadda aka naɗe cikin bututu. Akan tura ruwa a kanta da ƙarfi, ruwan ya ratsa, mafi yawan gishirin ya kasa wucewa, sai ya bi sauran ruwan da ake zubarwa. Masana biyu a jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Loeb da Sourirajan, su suka gyara wannan tantani ya zama abin amfani wajen 1960. Irinsa ne manyan masu yin ruwan leda da na gora ke aiki da shi. Tantani mai lafiya yakan cire kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na gishirin. Yana daɗewa, amma yana son ruwa mai ƙarfin turi, kuma ga kowace lita da ya tace, sau da yawa akan yi asarar lita guda ko fiye. Kafin ruwa ya iso gare shi, akan sa matatar laka da matatar gawayi, domin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta yana cin tantani.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce, inda ruwan famfo bai kai 100 ba, rezin kaɗai ya isa. Inda ya wuce haka, sai a fara bi da shi ta tantani, sa'an nan rezin ya kwashe ɗan abin da ya rage.

4. Kowane gari da ruwansa

Ƙasar kudu maso gabashin Ingila, inda birnin Landan yake, a kan alli take zaune. Kogin Tems da rijiyoyin wannan yanki duk ta cikinsa suke ratsowa, don haka ma'auni kan nuna ɗari biyu da wani abu, ko ɗari uku, ko fiye. Irin ruwan nan ne sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, kuma yana barin farin ɓawo a cikin butar shayi.

Arewa da yamma kuwa duwatsunsu masu tauri ne, ba su narkewa da sauƙi. Birnin Gilasgo na Sikotilan yana shan ruwan tafkin Loch Katrine tun 1859. Mancasta ta jawo nata daga tafkin Thirlmere a 1894. Bamingam kuma, ko da yake a tsakiyar Ingila take, tun 1904 ruwanta daga kwarin Elan na ƙasar Wels yake zuwa. A irin waɗannan garuruwa lambar kan tsaya ƙasa da ɗari. Ashe ke nan mutum biyu masu sana'a ɗaya, ɗaya a Landan ɗaya a Gilasgo, kayan aikinsu da kuɗin da suke kashewa ba ɗaya ba ne, tun ba su ɗaga sanda ba.

5. Dalilan da ke sa ruwa ya sāke

Na farko, kuma mafi girma, shi ne canjin mafari. Masu ba da ruwa suna da madatsai da koguna da rijiyoyin burtsatse, bututu kuma ya haɗa su. In wani ya yi ƙasa, ko ana gyara a wata matata, sai su juya ruwa daga wani wuri, ko su gauraya biyu. Ruwan rijiya ya daɗe yana kwance cikin dutse, don haka yawanci ya fi na tafki gishiri nesa ba kusa ba.

Ga misali. A yammacin Cumbria, a arewa maso yammacin Ingila, mutane sun daɗe suna shan ruwan tafkin Ennerdale, mai ƙarancin gishiri. Amma kogin Ehen da ke fita daga tafkin gida ne na wata irin kumbar ruwa wadda doka ta tsare don ta kusa ƙarewa, sai ya zama dole a rage ɗiban ruwan tafkin. A 2017 aka fara gauraya shi da ruwan rijiyoyin burtsatse na wajen Egremont. Ruwan bai saɓa ƙa'idar sha ba, amma jama'a suka ga bambanci a butocinsu da wurin wanka, suka yi ta kai kuka, har aka rage yawan ruwan rijiyar a cikin gaurayen. Daga baya aka shimfiɗa dogon bututu daga Thirlmere, ya zama sabon mafarin ruwan yankin. Cikin 'yan shekaru ke nan ruwan famfo ɗaya ya sāke hali fiye da sau ɗaya.

Na biyu shi ne yanayi. In an yi fari, kamar yadda aka yi a Ingila a 1976 da 2022, koguna kan janye, abin da ya rage cikinsu mafi yawa daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, sai gishiri ya ƙaru. In ruwan sama ya yi yawa sai ya tsarma shi, lambar ta sauka. Na uku, da hunturu akan watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara, wani kuma yakan gangara cikin koguna. Na huɗu, magungunan da ake zubawa a matata don gyara ruwa su ma suna ɗan motsa lambar.

6. Abin da sākewar ke jawowa

Lissafin rezin a fili yake: in gishiri ya ninka, kwanakin rezin sun rabu biyu. A ɗauka, don misali, buhu guda yana tace lita 10,000 a ruwa mai 50. In aka wayi gari ruwan ya koma 250, lita 2,000 kaɗai buhun zai tace. Wanda ya saba sayen buhu ɗaya sai ya sayi biyar, alhali ya riga ya yi ciniki da masu gidaje a kan tsohon farashi. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, rezin in ya ƙoshi lambarsa kan hau da sauri. Wanda bai auna ba da safe yana iya wanke gida ashirin da gurɓataccen ruwa, bai sani ba sai tagogi sun bushe, masu gida sun fara aike. Sai ya koma ya sāke aikin kyauta, wani gidan kuma ya rasa shi ke nan.

Mai tantani ya fi samun sauƙi, amma shi ma bai kuɓuta ba. Tantanin da ke cire kashi 97 cikin ɗari, in an ba shi ruwa mai 300 zai fitar da 9, in an ba shi mai 400 zai fitar da 12. In kuwa ya tsufa, ko alli ya toshe shi, ya koma cire kashi 90, to, daga 300 sai ya fitar da 30, rezin da ke bayansa ya ƙare da sauri fiye da sau uku. Sanyi ma yana rage yawan abin da tantani ke tacewa, kimanin kashi 3 cikin ɗari ga kowane digiri da zafin ruwa ya sauka, har tankin da kan cika cikin dare ya wayi gari bai cika ba.

Don haka ƙwararru a sana'ar suna auna ruwa a wuri uku: a bakin famfo, da bayan tantani, da bayan rezin. In lambar farko ce ta hau, ruwan gari ne ya sāke. In ta biyu ce, tantani ne ya gaji. In ta uku ce, rezin ne ya ƙoshi. Da haka ba su zubar da kaya mai kyau a kan laifin da ba nasa ba.

7. Abubuwan da ya kamata a lura da su

Na ɗaya, ma'aunin gishiri ba ma'aunin lafiya ba ne. Ba ya ganin ƙwayoyin cuta. Ruwa yana iya nuna lamba ƙarama alhali yana ɗauke da kwalara ko taifot, wani kuma ya nuna 400 ya zama lafiyayye sarai. Kada a yarda wani mai talla ya tsorata jama'a da wannan ma'auni, ko ya wanke ruwansa da shi.

Na biyu, ruwan da aka tace don wankin gilashi ba a shirya shi don sha ba, tun da an cire masa kulorin, ga shi kuma yana kwana cikin tanki.

Na uku, duk lokacin da za a sāke mafarin ruwan gari, ko a gauraya na madatsa da na rijiya, ya kyautu a sanar da jama'a tun da wuri. Mai sha watakila ba zai ji kome ba, amma akwai masu sana'ar da abin zai taɓa jarinsu, kamar masu yin ruwan leda, da masu wanki da guga, da masu wanke farantan lantarkin rana, domin su ma gilashi ne, tabon gishiri kuwa yana rage musu haske.

Na huɗu, awo ɗaya ba ya isa. Abin da ke da amfani shi ne littafi: a rubuta rana, da wuri, da lamba, rani da damina. Magatakardan da ya riƙe irin wannan littafi shekara guda zai san halin ruwan garinsa, kuma ran da lambar ta yi tsalle ba dalili, zai san lokaci ya yi da za a tambayi ma'aikatan ruwa abin da ya faru.

Iyakar bayanin ke nan. Ana fata hakimai za su sa a karanta shi ga dagatai da masu unguwanni, domin ya isa ga waɗanda abin ya shafa.