Manhajojin koyo a cikin aji: Yadda suke aiki da abin da suke buƙata kafin su yi amfani

Tun bayan da annobar korona ta tilasta rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020, batun koyarwa ta wayar salula da kwamfuta ya ƙara samun karɓuwa a wajen hukumomi da iyaye. Makarantu sun daɗe da buɗewa, amma manhajojin ba su tafi ba. Sun bi ɗalibai har cikin aji. Tambayar da ta rage ita ce ko suna ƙara wa yaro karatu, ko kuwa kuɗi kawai suke ci.

Matsalar da ake son magancewa babba ce. A wani rahoto na 2022, Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Manhajojin da ake amfani da su a makarantu sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ɗalibi ke riƙewa da kansa, ya kalli darasi, ya amsa tambayoyi, ya ga makinsa nan take. Irin wannan ce Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da asusun UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da kamfanin Microsoft. Kyauta ake shiga, kuma tana da darussa cikin Turanci da Hausa da Igbo da Yarbanci.

Kashi na biyu kuwa na hannun malami ne. A shirin EdoBEST da jihar Edo ta fara a 2018, da EKOEXCEL na jihar Legas da ya biyo baya a 2019, malamai ne aka raba wa ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da tsararrun darussa. Na'urar tana nuna wa malami abin da zai koyar mataki-mataki, sannan tana aika wa hukuma bayanin zuwan malamai da ɗalibai.

Babbar fa'idar manhaja ita ce saurin gano inda yaro ya tsaya. A ajin da yara suka yi yawa, malami ba zai iya duba littafin kowa a kullum ba. Idan ɗalibai suka amsa tambayoyi goma na lissafi a na'ura, sakamakon zai nuna masa waɗanda suka gane rabawa da waɗanda har yanzu ninkawa ke ba su wahala. Daga nan sai ya kasa su rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni aikin da ya dace da shi. Ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare kuma, sabo da na'ura ya zama dole, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta.

Sai dai raba na'ura kaɗai ba ya haifar da ilimi. Ƙasar Peru ta raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci, amma binciken da aka yi daga baya bai ga ci gaba a lissafi da karatu ba, saboda ba a haɗa na'urorin da yadda malamai ke koyarwa ba. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya yi irin wannan gargaɗi, ya kuma nuna cewa waya a kusa da ɗalibi na iya ɗauke masa hankali daga darasi.

Don haka akwai abubuwan da makaranta za ta tantance kafin ta kashe kuɗi. Na farko, ko darussan manhajar sun yi daidai da tsarin karatun da hukumar NERDC ta tanada. Na biyu, ko tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ko akwai wutar da za a yi caji, ta gwamnati ko ta sola. Na uku shi ne harshe: yaron da ke firamare a Gumel ko Kontagora zai fi saurin kama karatu da harshen da yake ji a gida. Na huɗu, horar da malamai da tanadin kuɗin gyara, domin na'urar da ta lalace ba mai gyara takan ƙare ne a kulle cikin ofishin shugaban makaranta.

Akwai kuma batun sirrin yara. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko masu riƙo kafin a tattara bayanan yaro. Iyaye na da haƙƙin tambayar makaranta wane bayani manhajar ke ɗauka da kuma inda ake ajiye shi.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a gwada karatun yara da lissafinsu a farkon zango, a sake gwadawa a ƙarshensa. Idan yaron da bai iya haɗa baƙi ba ya fara karanta jimla, manhajar ta cancanci kuɗin da aka kashe a kanta.