Daɗin Koya wa Ƙanana Ƙwallo Lokacin Hutu

'Yan uwa ɗalibai, idan an ba da dogon hutu, akan roƙi manyan cikinmu su taimaka a sansanin ƙwallo na yara, na mako ɗaya ko biyu. Wasu sai su ce ai reno ne kawai. To, duk wanda ya taɓa riƙe usur a gaban 'yan shekara 6 zuwa 10 ba zai faɗi haka ba.

Ɗan shekara 6 ba ya ganin fili, ƙwallo kaɗai yake gani. Shi ya sa za ka ga duk sun ruga kanta kamar kaji sun ga tsaba, har mai tsaron gida ya bar gidansa ya bi sahu. Kada ka yi musu tsawa, shekarunsu ne. Kai dai ka yi ta maimaitawa: tsayar da ita, ɗaga kai, duba ɗan uwanka. Kwana uku, kwana huɗu, kamar ba sa ji. Sai wata safiya wani ɗan ƙarami ya taka ƙwallo, ya ɗaga kai, ya tura wa abokinsa, sannan ya waiwayo ya ga ko koci ya gani. Wannan waiwayen, wallahi, ya fi kofi daɗi.

Amma abin ba ya zuwa haka kawai. Ƙwallon manya lamba 5 ce, ta yi wa ƙafar yaro nauyi. 'Yan ƙasa da shekara 8 lamba 3 ake ba su, daga nan lamba 4 har wajen shekara 12. Fili ma a rage shi, a yi huɗu da huɗu ko biyar da biyar. In ka zuba yara 22 a babban fili, masu ƙarfi biyu ko uku ne za su yi wasan, sauran su tsaya suna haƙa ƙasa da yatsa. A ƙaramin fili kuwa ƙwallo sai ta zo wa kowa, har mai jin kunya. A fara da sassafe ko bayan la'asar, a riƙa tsayawa shan ruwa, don yaro in wasa ya yi daɗi ba zai ce yana jin ƙishi ba. Buga ƙwallo da ka ma a jinkirta shi. A Amurka tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa yin hakan.

Kowane yaro a zango ya san labarin Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya fara a ƙungiyar Strong Tower, ya shiga makarantar Right to Dream, har ya kai Ajax a 2020. Labari ne mai kyau, sai dai yana ruɗin wasu kocina. Sai su zuba ido a kan yaro ɗaya, sauran su zauna a benci har hutu ya ƙare. Wanda aka zaunar ɗin baɗi ba zai dawo ba, kuma galibi shi ne ya fi bukatar filin.

Abin da ya fi, tun ranar farko ka haddace sunan kowa, ka raba lokacin wasa daidai, a riƙa karɓa-karɓa a tsaron gida. In aka tashi, su tattara ƙwallaye da kansu, su gaisa da waɗanda suka ci su, kafin kowa ya nemi takalminsa.