Daga Mumbari Zuwa Kyamis: Wa Zai Riƙe Hannun Mai Son Barin Taba?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Sau da yawa idan muka yi huɗuba kan taba sigari, wani bawan Allah yakan jira jama'a su watse, ya matso ya ce, "Malam, na san hukuncin, barin ne ya gagare ni." A nan iliminmu na masu wa'azi yake tsayawa, a nan kuma aikin mai sayar da magani yake farawa.

Malaman farko sun yi saɓani kan taba. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu yana cikin waɗanda suka halatta ta a ƙarni na 17, lokacin da cutarwarta ba ta bayyana ba. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma a 2000 Muftin Masar, Shehu Nasr Farid Wasil, ya yi fatawar haramta ta. Sai dai fatawa ba ta cire nikotin daga jini. Wanda ya bari yakan sha fama da saurin fushi, rashin barci da matsanancin marmari, musamman a makon farko.

Magidanci a Gwammaja ko Ƙofar Mazugal ba ya zuwa asibiti don tari. Kyamis na bakin layi yake zuwa, wurin wanda ya san shi ya san iyalinsa. Idan an ba shi maganin tari ba a tambaye shi ko yana shan taba ba, an yi asarar dama. Haka wanda ya fito daga Asibitin Ƙashi na Dala da takardar magani: ya kamata ya ji cewa taba tana jinkirta haɗewar karaya.

Horon ba mai tsawo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da matakai 5: tambaya, nasiha, auna shirin mutum, taimaka masa ya tsayar da ranar bari, sannan bibiya. Akwai kuma cingam da filastan nikotin, waɗanda hukumar ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2009. Masanin magunguna ne zai faɗi yadda ake amfani da su, da lokacin da za a tura mai ciki ko mai ciwon zuciya wurin likita.

Muna kira ga Hukumar PCN mai ba masu kyamis lasisi, da Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Bayero, su kawo wannan horo cikin unguwanninmu. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, amma wanda ya riga ya kamu, mataimaki yake bukata.

Mu ma akwai namu. Mai azumi yakan haƙura da taba daga alfijir zuwa faɗuwar rana, don haka Ramadan lokaci ne na tsayar da niyya. Liman ya san kyamis ɗin da zai tura mutum. Uwargida da 'ya'ya su yi haƙuri da fushin makonnin farko, kada su yi gori idan ya koma, domin mafi yawan masu bari sai sun gwada fiye da sau ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa masu fama, amin.