Sana'ar Gwanjo: Kada Ka Sayi Dila Ido Rufe

Mu 'yan hatsi ne, tiya da buhu munka sani. Amma tun da 'yan bindiga sunka hana noma a ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe da Bunguɗu, samari suna shigowa Gusau da ɗan kuɗin da sunka samu na sayar da bisa, suna ce muna, "Alhaji, gwanjo fa?" Kuɗin nan sau da yawa shi kaɗai ya rage ma gida. Don haka ga abin da munka gani ga maƙwabtanmu masu wagga sana'a.

Mai sayen dawa yana soka hannu cikin buhu, ya tauna, ya gane ta bana ce ko ta bara. Mai sayen dila ba shi da wannan dama. Ɗaure take da ƙarfe tun daga Turai ko Amurka ko Sin, mai kilo 45 ko 55, sai ka biya kana ka ga cikinta. Riba da asara duk nan suke.

Malamanmu ba su bar wurin ga ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, babin ciniki, ta halatta sayen abin da ke cikin ɗauri bisa siffar da anka rubuta, in siffar sananniya ce. To ka riƙe wannan. Kafin ka miƙa kuɗi, a faɗa maka ko kayan yara ne, ko rigunan sanyi, ko barguna, kuma lamba ɗaya ce ko ta biyu. A yi gaban shaidu, a kuma yanke yadda za a yi in an fasa an tarar da saɓani. Dilar da anka kwance anka sake ɗaurewa, an tsince na kirki, ko kyauta ce ka yi tunani.

Sai ka san hanyar kaya. Tsofaffin tufafi suna cikin abin da kwastan ta hana shigowa da shi Nijeriya. Shi ya sa mafi yawa Kwatano da Lome suke sauka, kana su iso manyan kasuwanni irin Ƙofar Wambai ta Kano. Saboda haka farashin dila yana bin dala da sefa da halin kan iyaka. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. A 2023 an saki naira ta faɗi, kuma an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli. Kowane karo kaya sun hau. Mai ƙaramin jari ya saya cikin kasuwa ga wanda anka sani. In ya bi ta daji aka kama, babu mai biyansa.

In ma jarin bai kai ba, kada ka ci bashi don dila. Tafi inda ake fasawa da sassafe, ka tsinci goma ko ashirin da idonka. Hannu ya saba tukuna.

Ranar da ka fasa taka, kasa ta kashi uku. Na farko a wanke, a goge, a rataye a rumfa nan Gusau, inda ma'aikata da 'yan makaranta suke. Shi ya kamata ya maido mafi yawan uwar kuɗi. Na biyu a kai Tsafe da Bunguɗu ranar kasuwa. Na uku a karyar da shi, ko da faɗuwa, don tsumma ba hatsi ba ne da zai yi daraja in ya kwana. Damina na zuwa sai ya yi fumfuna.

Lokaci kuma namu ɗaya da naku. Da kaka manomi ke da kuɗi, hunturu na bakin ƙofa, to nan rigar sanyi da bargo ke tafiya. Kayan yara gab da Salla. Da bazara zuwa tsakiyar damina mutane ciki suke nema, ba sutura ba. Kada kuma ka dogara ga kasuwar ƙauye kaɗai. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda tsaro, waɗanda ba su da rumfa cikin gari sunka zauna da kaya.

Na ƙarshe, in riga na da huji ka nuna ma mai saye. Ɓoye aibi haramun ne, kuma mutumin ƙauye ba ya mantuwa. Ka rubuta kuɗin dila, da na mota, da na wanki, da la'adar dillali. Sai sun fita cif kana ka taɓa saura, ko da cefane ne.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi maido muna da zaman lafiya. Wassalam.